Ɗigon Mai Uku a Agogon Surukina

Daga wurin Allah muka fito, can kuma za mu koma, ga shi Baba, mahaifin maigidana, ya riga mu. Ya cika ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na jikin zaure nan Malbaza, bayan ciwon ƙirji na sati biyu. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Ban yi nisa a lakwal ba, aji huɗu na tsaya, wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Abin da ya sa na ɗauki bik da takarda shi ne maganar da na ji a zaman makoki, ina raba ruwa, kunnena yana kan bakin kowa.

Tsofaffin abokan aikinsa na kamfanin siminti sun ce shekarun da suka yi tare ba su taɓa ganin ya makara ba. Wata matar malamin lakwal ta ce dutsen gugar da ya gyara mata tun tana amarya har yau yana aiki. Sai Gwaggo, ƙanwar Baba, ta gyara lulluɓi, ta dubi ɗiyata da ke wasa bakin randa, ta ce:

"Allah shi gahwarta mishi, har da abin da yay yi ma jikanyarshi. Tsuhwa babu kyau. Saura kaɗan shi kai yarinyag ga kushewa da ƴan taɓe-taɓenshi."

Mata suka ce amin. Wata ta leƙo fuskata ta raɗa wa ta kusa da ita, da ƙarfin da zan ji: "Dubi matar ɗa tana kuka ya hi na ɗiyan ciki. Ko an bar mata wani abu ɓoye?"

An bar mini. Ba irin abin da take zato ba ne. Laifin nan da Gwaggo ta faɗa, wanda Baba ya shiga kabari da shi a wuya, ba nasa ba ne, nawa ne. Shekara huɗu ina riƙe da shi a ciki.

Bari in fara faɗin ko wane ne shi.

Da ya bar aiki a kamfani, zaure ya zama wurin aikinsa. Matan ma'aikata da matan jandarma suna kawo masa fanka, dutsen guga, da ƴan tandunan lantarki da suke gasa gato, wato kek, a ciki. Bai yarda da kowa ba, bai kuma so a yarda da shi haka kawai. Ba ya buɗe kayan mutum sai mai shi yana zaune. Zai ɗauko wani farin faranti na tasa, ya ajiye a gabansa, duk kusar da ya kwance ya jefa ciki ta yi ƙara, ya ƙirga da baki. Idan mai kaya ta ce tana sauri za ta je ta dawo, sai ya miƙa mata kayanta.

"Tahi da shi. Gobe ki ce na cire sabo na sa tsoho? Zauna ki gani da idonki."

Kuma kafin ya sa turnabis, abin kwance kusa, a jikin komai, sai ya kai shi hanci ya shinshina. Mutane suna yi masa dariya. Ya ce hanci yana riga ido sanin abin da ya ƙone.

Ni da shi ba ma magana. Suruki ne, ni kuma matar ɗansa na fari. Idan zan wuce zaure sai in cire takalmi, in durƙusa in gaishe shi fuskata na duban bango, ya amsa yana duban farantinsa. Shekara uku a gidan ban san launin idonsa ba.

Ɗana na fari ya rasu yana wata bakwai, zawo ne, cikin damina. Ba wanda ya ce mini komai a fuska. Amma na lura da yadda hira take mutuwa idan na shigo, na kuma ji Gwaggo ta katanga tana ce wa Inna, uwar maigidana, yarinyar nan ta ƙauyen Bazaga ba ta iya riƙon ɗa ba, gara a maida ta gidansu tun da wuri. Tun daga ranar na daina yarda da komai. Ruwan randa, hannun baƙo, tuwon da aka aiko daga maƙwabta, duk sai na duba sau biyu.

Da na haifi ɗiyata, tana wata uku nonona ya kumbura ya yi ƙurji, daga baya ya ƙafe. Ungozomar gidan likita ta ce a koma madarar gwangwani, amma da sharaɗi: ruwan da bibaron, wato kwalbar da za a ba ta a ciki, duka su tafasa minti goma cur, a fara ƙirgawa bayan ruwa ya soma tafasa. Na ce to. Na fito ban san tsawon minti goma ba. Ba ni da agogo, ko an ba ni ban iya karanta shi ba. Lokacin salula ta fara shigowa garin, sai a hannun manyan kamfani. Sai na riƙa tafasawa har tukunya ta kusa ƙonewa, yarinya tana tsala kuka, itace yana ƙarewa, Gwaggo tana ƙirga mini ƙiraren da na sa a murhu.

Rana ta uku Baba ya tsaya bakin ƙofar tsakar gida, abin da ba ya yi. Ya ce Inna ta miƙo masa jaririyar. Ya ɗora ta a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da wani ɗan katako da aka ɗaura wa ƙaramin abu mai kan murɗawa da lambobi kewaye. Ya ciro shi ne daga wata matacciyar tanda da wani ma'aikaci ya bar masa da aka yi masa canjin wurin aiki. Shi yana ce masa minitiri, mu muka sa masa agogon ruwa. Ya ɗiga jan fenti a kan lambar goma.

Ya dubi jaririyar, ya yi magana da ƙarfi yadda zan ji daga madafa:

"Amaryata, ki hwaɗa ma uwarki, in ruwa ya tahwasa ta murɗa wanga. Amma kada ta tsaya ga ja kai tsaye. Ta wuce shi, ta kai can nesa, sannan ta komo baya ga ja. In ba ta wuce ba, ƙararrawa ba ta samun ƙarhin bugawa. Kin ji, amarya? Ke ko kallona ba ki yi, don na tsuhwa."

Haka muka riƙa magana ni da shi, ta bakin wadda ba ta da haƙori ko ɗaya. Idan ina da tambaya sai in ce wa ɗiyata ta tambayi mijinta, shi kuma ya amsa mata. Inna tana dariya tana cewa ba ta taɓa ganin ɗan aike mai tumbiɗi ba.

Na rataye agogon a ƙusa jikin bangon madafa. Bayan bangon nan zauren Baba ne. In na murɗa sai ya kama ƙyas-ƙyas-ƙyas, kan yana komawa a hankali kamar ba ya motsi, har ya iso farko ya buga ƙararrawa. Sau biyar, sau shida a yini. Wata biyar muna haka, yarinya ta yi kumatu. A duniyar nan abu ɗaya na yarda da shi, shi ne wannan ƙarar.

Da damina ta kama, sai na ji sautinsa ya sake. Yana ƙyas-ƙyas, sai ya yi kamar ya shaƙe, ya ci gaba. Rannan ya tsaya cak a tsakiya, sai da na ɗan buge shi. A ranar Baba ya tafi Badagishiri gaisuwar wani abokinsa, zai kwana huɗu. Ko da yana nan ma, ban san ko zan iya aika masa ba, ina tsoron a ce na lalata. A gidanmu in ƙyaure ya yi ƙara ko amalanke ta yi nauyi, mai ake sawa. Na tsoma tsinken tsintsiya a kwalbar man gyaɗa, na ɗiga a bayan kan murɗawar. Ɗigo uku. Ba wanda ya gan ni.

Ya tashi garau. Har na yi murna. Gaskiya na lura itacen da nake sawa ba ya cinyewa kamar da kafin ƙararrawa ta buga, na lura ban gama wanke kwano biyu ba ta buga. Sai na ce wa raina ai hannuna ne ya saba.

Baba ya dawo ranar Lahadi da safe. Na ɗora ruwa, na murɗa, ya buga, na sauke. Ina cikin makewayi sai na hango ta ramin zana, Baba ya shigo tsakar gida da sanɗa, ya duba dama da hagu, ya zare agogon daga ƙusa ya sa a aljihun riga. Na tuna tun kafin tafiyarsa akwai tandar wata matar jandarma a zaure, irin wadda ya ciro namu daga ciki sak, an ce agogonta ne ya mutu.

Inna ta zo ta ce Baba ya ce daga yanzu in bar ruwa a wuta har sai ya yi gyaran murya. Ban ma gama jin ta ba. Kafin azahar ɗiyata ta fara zawo, kafin la'asar amai, idonta ya faɗa, maɗigarta ta lotsa. Irin ta ɗana sak.

Kwana uku muka yi a gidan likita ana ƙara mata ruwa ta jijiyar kai. Gwaggo ta zo dubiya. Na gaya mata abin da na gani ta ramin zana, don bakina ya kasa riƙewa. Ta tafa hannu.

"Ai ni na san za a yi haka! Tun kahin shi tahi ya cire mai kyan ya sa ma matar jandarma, ya bar miki ruɓaɓɓe. Yanzu ya ɗauke don kada a gane. Ɗan'uwana ne, amma in ya ga ƙarhe ba ya ganin mutum."

Na yarda. Allah ya gani, na yarda, har na ji sanyi a raina da na samu wanda zan ɗora wa. Ɗigon man nan ko tuna shi ban yi ba. Ko kuwa na tuna na danne, wannan har yau ban sani ba.

Allah ya tashi kafaɗar yarinya. Ranar da muka dawo gida, ban ko sauke goyo ba na nufi zaure da takalmina a ƙafa. Maigidana yana nan, Inna da Gwaggo suka biyo ni. Ban durƙusa ba, ban dubi bango ba, ban aiki ɗiyata ba. Na dubi surukina cikin ido na ce:

"Baba, mi ka cire ma agogon ɗiyata ka sa ma matar jandarma?"

Inna ta yi salati. Maigidana ya miƙe zai yi kaina, Baba ya ɗaga masa hannu. Ranar na ga idonsa, ashe ya fara fari-fari a gefe.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da agogon. Ya jawo farin faranti.

"Ban buɗe shi ba," ya ce, yana duban jaririyar da ke bayana. "Amarya, kin san ba ni buɗe abu sai mai shi na zaune. Ku zauna. Ran Lahadi na ji shi ya buga tun ban kai rabin tasbahata ba. Kullum in ya hwara ƙyas-ƙyas ina jin shi ta bango, sai in hwara jan tasbaha, muna gamawa tare. Ran nan ya riga ni. Shi ya sa na ɗauke, kada a sake yarda da shi."

Wata biyar, sau shida a yini, ashe ba ni kaɗai nake jira ba.

Ya kwance kusoshi huɗu, ya ƙirga su cikin faranti, ya cire murfin baya. Ban taɓa ganin cikinsa ba. Ya riƙa nunawa da bakin turnabis, yana yi wa ɗiyata bayani kamar mai hankali. Ga wani siririn ƙarfe naɗaɗɗe kamar gammo, shi ne in an murɗa yake ɗaurewa, yana son ya warware gaba ɗaya. Ga ƴan faya-fayi masu haƙora, babba yana juya ƙarami, ƙarami yana juya wanda ya fi shi ƙanƙanta. A ƙarshensu ga wani ɗan ƙarfe mai baki biyu yana kaɗawa dama da hagu, yana sakin haƙori ɗaya ya tare na gaba, shi ne mai ƙyas-ƙyas, shi ke hana ƙarfen warwarewa da gudu. Ga ƴar guduma tana jiran ƙararrawa. Sannan ya nuna wani ɗan zobe da ya matse sandar tsakiya da babban faifan.

"Wanga zoben shi ne amana. Shi ka bari a komo da kai baya da hannu ba a karya haƙora ba. Amma dole shi zauna busasshe, shi riƙe da ƙarhi. In ya yi santsi, sanda ta zame ta gudu ta bar haƙora baya. Ƙyas-ƙyas na nan, kunne na jin daidai, amma goma ta koma huɗu."

Sai ya kai shi hanci.

Ni ma daga inda nake na ji. Warin man gyaɗa da ya kwana biyu. Ya ɗago ya dube ni, sau ɗaya, bai fi ƙiftawa biyu ba. Ya dubi Gwaggo da ta miƙo wuya. Ya dubi ɗansa. Sai ya maida ido kan jaririyar ya yi ƴar dariya.

"Amarya, mijinki ya tsuhwa. Kahin in tahi Badagishiri na ji shi yana shaƙewa, na ce bari in ɗiga mishi mai. Na kinkimo na miya. Ni ne."

"Man miya!" in ji Gwaggo. "Kai da ka shekara talatin cikin injin? Wallahi ka ruɗe!"

"Na ruɗe," ya ce.

Na buɗe baki. Na tuna Bazaga, na tuna ɗana, na tuna abin da aka faɗa ta katanga. Na rufe.

Ko man ne ya jawo ciwon, ko damina ce kawai, Allah ne masani. Amma magana ta fita gari kafin magariba: tsohon ya zuba man miya a agogo har jikanyarsa ta kusa mutuwa. Matar jandarma ta aiko aka ɗauke tandarta ba a gyara ba. A hankali zauren ya yi shiru. Mutumin da ke mayar da masu sauri, sai ga shi yana yini da farantinsa babu komai a ciki, yana gyara fitilun maƙwabta don hannu ya samu abin yi.

Washegari ya sa Inna ta kira ni bakin zaure da yarinyar. Ya zuba fetur a murfin kwalba, ya ɗauki gashin kaza, ya wanke zoben da haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya shanya su a faranti. Ya ce wa amaryarsa hayaƙin murhu da ƙura ne suke daskarewa a haƙora, shi ya sa yake shaƙewa, maganinsa wanki ne, ba mai ba. Sai ya sake warwatsa su ya turo farantin gabana.

"Ki ce ma uwarki ta haɗa. Ba kullum mijinki zai kasance bayan bango ba."

Sau uku ina haɗawa yana kwancewa. Bai ce komai kan man ba, ranar ko wata rana.

Kada in yi ƙarya a kan mamaci, ban zauna ina gode masa ba. Tsoronsa na riƙa ji. Duk ranar da ya kira maigidana zaure, sai in manna kunne a bangon madafa, ina cewa yau zai faɗa. Idan ya yi wa ɗiyata wasa ya ce amarya ta fi uwarta iya miya, sai in kwana ina juya maganar, ko habaici ne. Na yi ta tambayar kaina me yake jira, me zai nema a wurina. Har ranar da ƙirjinsa ya tsananta, na kai masa kunu, ya dubi ɗiyata da ta girma ta iya amsawa, ya ce: "Amarya, agogonku na nan daidai?" Ta ce yana nan. Ya ce madalla. Iyakar abin da ya nema ke nan.

Ranar addu'ar bakwai mata suka cika ɗakin Inna, tana zaune a kan tabarmar takaba. Gwaggo ta sake ɗauko zancen, wannan karon tana ba wasu baƙi daga Konni labari, har da kwaikwayon muryarsa, "na kinkimo na miya." Ina riƙe da tiren shayi. Na ajiye shi. Na ce:

"Gwaggo, ba shi ba ne. Ni na sa man. Da tsinken tsintsiya, ɗigo uku, yana Badagishiri."

Gwaggo ta ƙanƙance ido.

"Wa ya sa ki hwaɗin haka? Mi kike nema? In ke ce, don mi zai ce shi ne?"

Inna ce ta ɗago kai, ba ta dubi kowa ba.

"Shekara arba'in ina zuba mishi miya, bai taɓa sanin inda kwalbar mai take ba. Ku da kunka yarda, ku kunka so ku yarda." Sai ta juyo gare ni. "Kin daɗe. Ɗauki tirenki, shayi na hucewa."

Baƙin Konni sun ji, matar malamin lakwal ta ji, kuma na san kafin sati gari zai ji. Gwaggo ba ta amsa gaisuwata tun ranar. Wannan takardar kuma na rubuta ta ne don wanda ya ji labarin farko bai ji na biyu ba, a karanta masa. Hannun Baba bai taɓa ruɗewa ba.

Maigidana kwana biyu bai ce mini komai ba, ina ta duban fuskarsa ina neman hanyar Bazaga a ciki. Rana ta uku da safe na same shi tsaye a madafa, ya zare agogon daga ƙusa yana juya shi a hannu. Ya kai shi hanci, kamar yadda ubansa yake yi. Ya murɗa kaɗan, ya tsaya yana saurare. Ya yi ƙyas-ƙyas ɗinsa ya iso farko, ya yi shiru, bai buga ba. Ya dube ni, ni ma na dube shi, na ga zargin yana tasowa a idonsa.

Ɗiyata ta saki zanena ta miƙa wa ubanta hannu.

"Baba, ba haka ba ne. Sai ka wuce ja, ka kai can nesa, sannan ka komo."

Ya wuce, ya komo. Muka tsaya mu uku, ruwa yana tafasa a murhu, bayan bango babu mai jan tasbaha. Da ya buga, maigidana ya maida shi kan ƙusarsa, ya dubi yarinyar ya ce:

"Ki hwaɗa ma uwarki ta sauke ruwan."